Wayar da Ta Kayar da Sirajo

Sau biyu Sirajo yana faɗuwa jarrabawar fiziks a kwalejin da mahaifinsa ya tura shi a Kuala Lumpur, kuma duka biyun abu guda ne ya kayar da shi: wata waya da ake zanawa a takarda. Ba ma waya ce mai wani kwarjini ba. Takan taho a miƙe daga hagu, ta lanƙwashe ta yi kwatan da'ira, ta sake miƙewa ta yi sama abinta. A tsakiyar lanƙwasar sai a sa ɗan ɗigo, a ce wutar lantarki kaza tana bi ta cikin wayar, a faɗi ƙarfin maganaɗisun da ke kan ɗigon nan, a kuma faɗi alƙiblarsa, ko cikin takarda ya nufa ko wajenta.

Ƙarfin bai taɓa ba shi wahala ba. Alƙiblar ce bala'in. Malamarsu kuwa, Madam Kamala, wata siririyar dattijuwa da ba a taɓa ganinta babu jan biro ba, ba ta ba da maki ko ɗaya idan alƙibla ta kuskure. Ta ce direban da ya san nisan Ipoh daidai amma ya kama hanyar Melaka bai kai kowa ko'ina ba. Rabin tambayoyinta na maganaɗisu ne, ragowar rabin kuma Sirajo ba wani gwani ba ne a cikinsa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya iya. A ɗakinsa na unguwar Brickfields, a saman wani shagon sari, wato zanen da matan Indiyawa ke ɗaurawa, idan ya kwanta yana duba littafi, ko wace waya aka lanƙwasa masa sai ya faɗi amsarta kafin ya juya shafin amsoshi. Yana shiga ɗakin jarrabawa sai duniya ta juya masa baya.

Ranar da sakamako na biyu ya fito, ya sayi katin kiran ƙasar waje, ya kankare, ya tsaya a gindin wata bishiya kusa da tashar KL Sentral ya kira Kano. Mahaifinsa mai sayar da kayan gini ne, mutum ne da ba ya son dogon bayani. Bayan gaisuwa ya tambayi abin da ya faru, tunda bara ma haka aka ce masa.

Sirajo ya ce, "Wallahi Baba, waya ce ta kayar da ni. Bara ma ita ce."

Can sai mahaifin ya ce ya ji daɗi da ya faɗi gaskiya da bakinsa, domin dama ya daɗe yana zargin haka. Sirajo ya buɗe baki zai yi bayanin wace irin waya, sai wata mata ta shigo layin ta sanar da shi da Turanci cewa katinsa ya ƙare.

Washegari Kawu Na'Allah ya aiko a kira shi. Abokin mahaifinsa ne tun ƙuruciya, yana sarar yadi a titin Tuanku Abdul Rahman yana turawa gida, kuma shi aka damƙa wa amanar Sirajo tun ranar da ya sauka a ƙasar. Ya same shi zaune a kan dilar leshi a bayan wani shago, yana cin gyaɗa. Kawu ya miƙa masa tafin hannu kawai. Sirajo ya ɗauka gaisawa za a sake yi.

"Ba hannunka ba. Nokiyar."

Sirajo ya yi bayani iya ƙarfinsa. Ya ce waya ta ƙarfe yake nufi, irin wadda wuta ke bi, ita ma ba ta gaske ba, zane ce. Har ya zaro biro ya zana ta a bayan kwalin yadi. Kawu Na'Allah ya dubi zanen da kyau, ya juya kwalin ya sake duba, sannan ya tambaye shi ko wannan 'yar lauje ce yake so a buga wa Alhaji a ce ita ta kayar da ɗansa sau biyu. Ya ce shi dai ba zai iya ba, yana jin nauyin mutumin. Ya karɓi wayar, ya kashe, ya jefa a aljihun tebur tare da almakashi da tef ɗin awo. Sannan ya isar da ragowar saƙon: kwaleji sau uku take yarda a zauna jarrabawa ɗaya, Alhaji ma haka. Idan ta uku ta tafi, akwai kujera tana jiransa a gaban buhunan siminti.

Ba simintin ne ya tsorata Sirajo ba. Turai ce.

Turai tana karatun injiniyan lantarki a babbar jami'ar da ke Lembah Pantai, tana zaune a gidan yayanta Yusha'u, wanda ke digiri na uku a can. A wata walimar Sallah suka haɗu, ta miƙo masa faranti ta ce ya rage wa na baya, tun daga nan kuwa zuciyarsa ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Yaro ne da ya karanta littattafan soyayya fiye da abin da likita zai yarda da shi, na Hausa da na Turanci, har da waɗanda aka fassara daga harsunan da bai san inda ake yinsu ba. A cikinsu ya koyi cewa masoyi na gaske ba ya fitowa fili, yana kewaye ne. Shekara guda yana tura mata saƙonni a kan ruwan sama da ke zuba a rufin Brickfields, da ƙamshin furen da matan Indiyawa ke saƙawa a bakin titi, da yadda baƙunta ke sa mutum ya ji kamar an cire masa haƙarƙari ɗaya. Ita kuma takan amsa da "To" ko "Boleh", wato "ba laifi" da Malayanci. Sau ɗaya ta rubuto "Allah ya sawwaƙe", ya kwana biyu yana nazarin ma'anarsa. Duk waɗannan amsoshin yanzu suna aljihun teburin Kawu Na'Allah, kusa da almakashi. Kalmar so dai ba ta taɓa fita daga bakinsa ko yatsansa ba, kuma idan aka mayar da shi Kano ba za ta taɓa fita ba.

Da babu wayar da zai ɓoye a bayanta, dole ya hau jirgin ƙasa ya tafi Pantai Dalam, unguwar su Turai, da kansa. Ya san akwai wani shagon mamak, irin na abinci da shayi na Indiyawa Musulmi, a ƙasan benensu inda take tsayawa bayan lacca ta sa a naɗe mata roti, irin gurasarsu, ta hau da shi sama. Ya zauna a can da shayi har ya huce. Da ta iso, sanye da abaya ruwan toka da jakar goyo, ta dube shi ta ce ashe yana raye, ta ga saƙonnin ruwan sama sun ɗauke ta zaci rani ne ya shigo Brickfields.

Ya ba ta labarin duka. Ba ta yi dariya ba, sai da ya zo wurin kwalin yadin, nan ma ta rufe baki da gefen mayafi ta ce tari ne. Daga nan ta ja kujera ta zauna, ta ce ya zana mata wannan wayar da ta gagari mazaje.

Ya zana. Ta ce ya fara, tana ji.

Ya fara da sassan nan biyu miƙaƙƙu. Ya ce ba su ba da komai, domin kowannensu yana kan layin da ya ratsa ta kan ɗigon, wuta kuwa ba ta haifar da maganaɗisu a gabanta ko a bayanta, sai a gefe. Yana faɗa yana jin abin yana sosa masa wani wuri a ƙirji, wai a ce abin da ya nufo ka kai tsaye ba ya taɓa ka, sai wanda ya kewaye ka. Ya ɗaga kai zai faɗi haka. Ta ce ya ci gaba, rotinta yana hucewa.

Saura lanƙwasar. Ya ce cikakkiyar da'ira tana ba da miyu, wato adadin nan da ba ya canzawa, sau wuta bisa ninki biyu na nisan ɗigon, kwata kuwa kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, wato bisa ninki takwas. Ta ba shi ampiya biyar da santimita uku. Ya buga a kalkuleta ya samu maikirotesla ashirin da shida da ɗoriya. Ta ce daidai. Saura alƙibla.

Dokar ba ta da wuya. Ka naɗe yatsunka huɗu su bi yadda wuta ke zagayawa, inda babban yatsa ya nuna can maganaɗisun ya nufa. Sirajo ya ɗaga hannu, ya naɗe, babban yatsansa ya nuna silin ɗin shagon. Ya rubuta cewa wajen takarda ya nufa.

Turai ta dubi hannun da ya ɗaga. Sannan ta ce, "Malam Sirajo, mene ne sunan dokar nan?"

"Dokar hannun dama."

"Wanne ka ɗaga?"

Ya duba. Hannun hagunsa ne a sama, yatsu a naɗe, babban yatsa a miƙe kamar mai neman lif a hanya. Na daman yana kan takarda riƙe da biro, yana jiran a ba shi amsa ya rubuta.

Sirajo bahago aka haife shi. Kakarsa Hajiya Ɗelu ce ta ɗauki gyaransa a matsayin aikin da za ta gama kafin ta bar duniya, kuma ta gama. Da ludayi ta yi aikin. Ya kai hagu cikin kwano, ludayi. Ya karɓi abu da hagu, ludayi. Ya ɗauki alli da hagu, ludayi da ƙarin jawabi a kan wanda ke ci da hagu. Kafin ya shiga firamare yana ci da dama, yana rubutu da dama, yana gaisawa da dama, har ya manta an taɓa yin wani yaƙi. Amma hagun bai mutu ba, ɓuya ya yi. Shi ke sosa kai, shi ke nuna hanya, shi ke fara tashi duk lokacin da tunani ya yi zafi. A ɗaki, inda Sirajo ke kwance yana riƙe da littafi da hagu, dama ce ke naɗewa ta ba da amsa daidai. A jarrabawa dama na kan aiki, sai hagun ya taso ya taimaka, ya juya masa kowace alƙibla.

Ya ce wa Turai, da murya irin ta wanda aka yi wa rasuwa, ashe shekara biyu hannunsa ne ke cin amanarsa. Ta ce hannun bai yi laifi ba, ba shi aka tambaya ba ne kawai. Maganin kuma mai sauƙi ne, ya riƙa ajiye biron kafin ya naɗe.

Sauƙin a baki yake. Makonnin da suka biyo baya, kusan kullum bayan la'asar yana shagon mamak ɗin, tana lanƙwasa masa wayoyi iri-iri, rabin da'ira, da'ira biyu, mai siffar ƙugiya. Idan hankalinsa a kwance yake yakan tuna ya ajiye biro. Da ta ce saura minti kaza, sai hagun ya yi tsalle. Ta gwada bugun hannun da cokalin shayi. Ya ce ta bari, an riga an gwada wannan hanyar da babban makami. Ta ce to ya rubuta da hagun mana, dama ta huta ta yi aikinta. Ya ce a'a da sauri, har da waiwaye, kamar Hajiya Ɗelu na iya fitowa daga bayan mai soya roti. Ai shi rabonsa da riƙe abin rubutu da hagu tun bai san sunansa a rubuce ba.

Shi da kansa ya samo dabarar da ta fi masa: ya zauna a kan hannun. Ya tura shi ƙarƙashin cinya ya danne. Turai ta ce ba ta taɓa ganin injiniyan da ya warware matsala ta wannan hanyar ba, amma tunda tana aiki, boleh.

Ranar jarrabawar an yi ruwa da safe, ɗakin ya yi sanyi kamar firji. Sirajo ya zauna, ya yi addu'a, ya tura hagu ƙarƙashin cinya. Tambayoyin farko na zafi ne da na haske, ya bi su a hankali, takardar tana zamewa saboda babu hannun da zai dafe ta. Yana isa sashen maganaɗisu sai ya ji mutum a tsaye a kansa. Mai tsaron jarrabawar ne, wani saurayi Bamalaye mai ladabi, ya sunkuyo ya tambaye shi a hankali me yake ɓoyewa a ƙarƙashinsa.

Sirajo ya ce hannunsa ne.

Mutumin ya ce ya sani, abin da ke cikin hannun yake tambaya. Aka sa shi ya miƙe. Aka duba tafin, aka duba tsakanin yatsu, aka duba kujerar, aka ɗaga ta aka duba ƙarƙashinta. Duk ɗakin ya bar rubutu yana kallo. Da ba a sami komai ba sai mai tsaron ya ba shi haƙuri, amma ya ce doka ce hannu biyu su kasance a kan tebur. Sirajo ya fara bayanin kakarsa.

"Cannot lah," in ji mutumin, wato ba zai yiwu ba, ya dafa teburin da yatsa ya wuce.

Ga hagu a kan tebur, ya yi sanyi, jini yana dawo masa yana tsikara. Ga tambaya ta gaba: rabin da'ira biyu, ƙarama a cikin babba, an haɗa bakunansu da gajerun wayoyi miƙaƙƙu, wuta tana bin ƙaramar ta hannun agogo tana dawowa ta babbar. Ya san miƙaƙƙun ba su da komai. Ya san ƙaramar ta fi kusa da ɗigon, ita ke da rinjaye, sai a cire ta babbar daga tata. Ya rubuta lissafin. Yana kaiwa ga alƙibla ya ga hagun ya riga ya ɗago daga kan tebur, yatsu sun fara naɗewa.

Ya dube shi. Ya tuna buhunan siminti, ya tuna abaya ruwan toka tana shigowa shagon mamak ba kowa a kujerar. Sai ya ɗauki biron ya sa wa hagun a tsakanin yatsu, kamar yadda ake ba yaro mai ƙiriniya abin riƙewa don a samu a yi aiki.

Hannun ya riƙe. Rubutun da ya fito irin na yaron da bai shiga aji ɗaya ba ne, manya-manyan baƙaƙe masu jingina da juna, domin a nan aka tsayar da shi. Amma dama ta samu 'yanci. Ta naɗe ta bi hannun agogo, babban yatsa ya soki takarda. Ciki. Ya rubuta da hagu, harafi bayan harafi, gumi yana tsattsafo masa a cikin wannan sanyin. Haka ya bi sauran, dama tana nunawa hagu yana rubutawa, ba a taɓa ganin sun yi aiki tare haka ba. Tambaya ta ƙarshe ko karanta ta bai yi ba aka ce a ajiye biro.

Bayan mako biyu Madam Kamala ta aiko a kira shi ofis. Takardarsa tana gabanta a buɗe. Ta ce shafukan farko wani babban mutum ne ya rubuta su, na ƙarshe kuma wani yaro, yaron kuwa ya fi babban iya fiziks, tana so ta san wanene shi da kuma yadda aka shigo da shi ɗakin jarrabawa. Sirajo bai yi dogon bayani ba, ya gaji da bayani a ƙasar nan. Ya nemi takarda, ya rubuta sunansa da dama, ya sake rubutawa da hagu, ya tura mata.

Ta gwada da na jarrabawar. Ta tambaye shi wa ya mayar da shi na dama. Ya ce kakarsa. Ta tambaya da me. Ya rasa sunan ludayi da Turanci, ya kwatanta da hannu. Madam Kamala ta gyaɗa kai kamar wadda ta san kayan aikin. Sai ta mayar da jan biron daga damanta zuwa hagu ta rubuta makin a saman takardar, da rubutu mai kyau ƙwarai. Maki ne mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi. Ta ce ya rufe mata ƙofa idan ya fita.

Daga nan titin Tuanku Abdul Rahman ya nufa. Kawu Na'Allah ya buga wa Alhaji a gabansa, ya isar da albishir, ya saurara, ya ce to, to, haka ne, gaskiya ne, ya kashe. Ya ce Alhaji ya yi murna ƙwarai, ya kuma ce tunda an gano cutar kuma magani ya karɓe shi, kada a katse shan magani. Nokiyar za ta zauna inda take har a gama digiri.

Saboda haka babu saƙon da zai tura. A jirgin Pantai Dalam ya tsara jawabi, mai gabatarwa da tsakiya da kammalawa, akwai teku a ciki, akwai tsuntsu, akwai wani wuri da ya shirya muryarsa za ta ɗan karye. Ya same ta a tsaye tana jiran a naɗe mata roti. Ya ce ya ci. Ta ce alhamdulillahi, da wane maki. Ya faɗa. Ta ce to, ba a kore shi ba dai.

Ya ja numfashi zai fara. Tekun ya tafi, tsuntsun ya bi shi. Ya tsaya yana kallon mai rotin yana juya ƙullu a iska, ita kuma tana kallonsa, ba ta taimaka masa da komai ba.

Abin da ya fito shi ne, "Yaushe Yaya Yusha'u yake zama a gida?"

Ta karɓi ledarta, ta duba ko an sa mata miyar. "Asabar, bayan la'asar. Lafiya?"

"Lafiya. Magana ce. A kanki."

Ta ce ta gane ba a kan fiziks ba ce. Ya ce yana tunanin zai zo da Kawu Na'Allah. Ta ce gara haka, Kawu dai idan ya fara magana yana kai ta ƙarshe. Ta gyara jakarta ta nufi matakalar bene, ta taka biyu, ta juyo ta ce ya yi aski kafin Asabar ɗin.